Yaran Gaɓar Lagon: Yadda Zane da Wasa Ke Mayar da 'Ya'yan Talakawa Makaranta

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, titunan Kuseri kan cika da yara sanye da kayan makaranta, kowa da jakarsa a baya, iyaye kuma suna ta fama da sayen littattafai da alli da takalma. Amma duk wanda ya bi ta kasuwa ko ta bakin gadar Ngeli da hantsi a wannan watan, zai tarar da waɗansu yaran, sa'o'in waɗancan, suna tallan ruwan sanyi, ko suna dakon kaya, ko suna riƙe da ƙoƙon bara. Haka abin yake a Marwa da Garwa da Yagwa da sauran garuruwanmu na arewacin Kamaru. Waɗannan yara su ne abin maganarmu a wannan fitowa.

A 'yan shekarun nan waɗansu ƙungiyoyin taimako sun ɗauki wata hanya ta jawo irin waɗannan yara, wadda iyaye da yawa suke yi wa kallon mamaki. Sukan tara su a rumfa, su ba su takarda da fensir mai launi, su sa su waƙa da wasan kwaikwayo da ginin yumɓu. Magidanci yakan tsaya ya duba, ya ce a ransa: yaron da bai ci ya ƙoshi ba, bai kuma iya karanta sunansa ba, me zai yi da fenti? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci amsa. Abin da muka fahimta shi ne, ga yaron da tashin hankali ko talauci ya raba da aji, zane da waƙa da wasa su ne sau da yawa matakin farko na komawa karatu. Sai dai matakin farko ne kurum. Sauran tafiyar tana hannun iyaye da mutanen unguwa.

Abin da ya raba yaran da aji

Kafin mu shiga maganar magani, ya kamata mai karatu ya san cutar. Kuseri ita ce hedikwatar gundumar Lagon da Shari a jihar Arewa Mai Nisa. Tana zaune ne a inda kogin Lagon ya haɗu da na Shari, birnin Njamena na ƙasar Cadi kuma yana tsallaken ruwa. Garin Kotoko ne tun asali, amma Larabawan Shuwa da Musgum da Barebari da Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu duk sun mayar da shi gida. Zaman bakin iyaka yana da albarkar ciniki, yana kuma da nasa nauyin, domin duk abin da ya tashi a kewaye, a nan yake sauka.

A farkon watan Fabrairu na 2008, da 'yan tawaye suka shiga Njamena, dubban mutane suka tsallako zuwa Kuseri cikin kwana biyu zuwa uku. An tsugunar da waɗansu a Maltam, daga baya aka kwashe su zuwa Langi kusa da Garwa. Daga 2014 kuma rikicin Boko Haram ya ƙetaro iyaka, ya addabi gundumomi uku: Mayo Sava da Mayo Sanaga da Lagon da Shari. Malamai suka gudu, aka rufe makarantu fiye da 100 a garuruwan bakin iyaka, iyalai daga wajejen Fotokol da Kolofata suka watsu cikin garuruwan da suke ganin sun fi aminci. Sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2013 domin 'yan gudun hijirar Nijeriya, ya haura mutum 70,000 a shekarar 2023, kuma yara su ne suka fi yawa a cikinsa.

Ana cikin wannan sai ga wata fitinar daga cikin gida. A watan Agusta na 2021 rikici ya ɓarke a yankin Lagon Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma 'yan Musgum, a kan ruwa da wurin shayar da dabbobi. A watan Disamba na wannan shekarar ya sake tashi, ya shigo har cikin Kuseri, aka ƙone kasuwar shanu. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga ƙauyuka 112 da aka ƙone da mutum 44 da suka rasa rayukansu, ta kuma ƙiyasta a lokacin cewa mutum kimanin 100,000 ne suka bar gidajensu, akasarinsu mata da yara. Da yawa sun haye Cadi, inda aka kafa musu sansani a Kalambari da Gilmei. Ba a gama farfaɗowa ba, ambaliyar 2022 ta shanye unguwanni a Kuseri, ta 2024 kuma ta yi ɓarna mai yawa daga Yagwa da Maga har zuwa gundumar Lagon da Shari. Duk lokacin da ruwa ya zo, wata makarantar takan nutse, wata kuma takan zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Yaron da aka haifa a wannan yanki a 2010, kafin ya cika shekara 15 ya ga yaƙi da rikicin ƙabilanci da ambaliya biyu.

Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, talauci kaɗai ya isa ya hana karatu. Tun shekarar 2000 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare ta hukuma, amma kowane uba ya san ba a nan lissafi ya ƙare ba. Akwai kuɗin ƙungiyar iyayen yara, wanda daga cikinsa ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka da kansu saboda ƙarancin na gwamnati. Akwai littattafai da tufafi da kuɗin jarrabawa. Ba abin mamaki ba ne a tarar da yara ɗari a aji guda a gaban malami ɗaya. Bugu da ƙari, ana koyarwa ne da Faransanci, alhali yaro ya taso da Larabcin Shuwa ko Kotoko ko Musgum ko Fulatanci ko Hausa. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a waje, idan aka mayar da shi irin wannan aji, yakan zauna a ƙurya kamar baƙo, ƙannensa na amsa tambaya shi yana sunkuye, kafin wata biyu ya sake sulalewa.

Sa'an nan ga babbar matsalar da ba ta yin ƙara, wato takardar haihuwa. Yaro yana iya shiga makaranta ba tare da ita ba, ya yi ta tafiya har aji shida, amma ranar da za a haɗa takardun jarrabawar gama firamare, wadda ake kira CEP, sai a ce ya kawo. Wanda aka haifa a gida ba a kai rahoto ba, ko wanda wuta ko ruwa ya ci takardunsa, sai ya bi ta kotu a yanke masa hukuncin da zai maye gurbinta, da shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekaru da kuɗin zirga-zirga. Iyaye da yawa a nan suke sarewa, wahalar shekara shida ta tashi a banza.

Wata ƙungiya daga Marwa

Cikin ƙungiyoyin gida da suka daɗe a wannan fage akwai ALDEPA, wadda cibiyarta take Marwa. Ma'anar sunanta na Faransanci ita ce aikin cikin gida domin ci gaban da jama'a suke da hannu a ciki, suke kuma tafiyar da shi da kansu. Marthe Wandou ce ta kafa ta a 1998, wata masaniyar shari'a haifaffiyar Kayele a 1963, wadda ta taso ta ga yadda 'yan matan yankin suke barin makaranta tun ba su yi nisa ba. Ba ƙungiyar addini ba ce. Tana aiki da Musulmi da Kirista da sauran jama'a baki ɗaya.

Da farko hankalinta ya fi karkata ga karatun 'ya'ya mata da kare su daga cin zarafi da auren dole. Da rikicin Boko Haram ya zo, aikin ya faɗaɗa zuwa ga yaran da suka gudo, da waɗanda suka rabu da iyayensu a hanya, da waɗanda aka sace suka kuɓuto. Tana cikin ƙungiyoyin gida da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya yi aiki da su wajen kula da yara a Minawao da garuruwan da suka karɓi masu gudun hijira. Aikinta ya tsaya a kan abubuwa uku da take haɗawa wuri guda: mayar da yaro makaranta ko koya masa sana'a, kwantar masa da hankali bayan abin da ya gani, da tsaya masa a gaban shari'a idan an zalunce shi.

A 2021 aka ba Marthe Wandou lambar yabo ta Right Livelihood da ake bayarwa a ƙasar Suwidin, ita ce kuma ta farko daga Kamaru da ta samu. Masu ba da lambar sun ce 'yan mata fiye da 50,000 ne suka amfana da aikin ƙungiyar. Abin lura a wurinmu shi ne dalilin da suka bayar: sun yaba mata ne saboda ta gina hanyar kare yara wadda ta dogara ga al'umma. Wato ba ta ɗauke yaro daga hannun mutanensa. Takan shiga gari ta zauna da iyaye da lawanai da bulamomi da limamai da malaman makaranta da su yaran kansu, har a samu waɗanda za su sa ido a unguwa, su san wace yarinya ce ta daina zuwa aji da dalilin da ya sa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Me ya kawo zane cikin maganar karatu?

Duk inda aka tsugunar da masu gudun hijira, ɗaya daga cikin abubuwan da hukumomin agaji da ƙungiyoyi irin wannan suke fara kafawa shi ne dandalin yara. Ba wani babban gini ba ne. Rumfa ce ko tanti, da tabarmi da randar ruwa da akwatin kayan wasa: takardu, fensir mai launi, alli, igiyar tsalle, ƙwallo. Masu kula da wurin akasari samari ne da mata daga cikin jama'ar, waɗanda aka ba horo. Ana rubuta sunan kowane yaro, ana raba su gwargwadon shekaru, akwai lokacin zuwa da lokacin tashi.

Amfani na farko yana cikin wannan tsarin kansa. Yaron da ya yi watanni bai san inda zai kwana gobe ba, idan ya samu wurin da ake buɗewa kullum a lokaci guda, ake kiran sunansa ya amsa, ya jira layinsa, ya mayar da fensir inda ya ɗauka, to ya fara koyon zaman aji tun bai shiga aji ba.

Amfani na biyu shi ne, takarda tana karɓar abin da baki ya kasa faɗa. Mu dai mun san tarbiyyarmu: yaro ba ya zama gaban babba ya ce ina jin tsoro, ko na ga an kashe wane. Kunya da kawaici sun hana. Sai abin ya fito ta wata hanya, ta fitsarin kwance ko firgita cikin barci ko yawan faɗa ko shiru mai tsawo, mu kuwa mu ce yaro ya lalace ko an yi masa asiri. A watan Afrilu na 2015, da UNICEF ta fitar da rahoton cewa yara kimanin 800,000 ne rikicin ya raba da gidajensu a yankin tafkin Cadi, ta nuna wa duniya zane-zanen da yaran suka yi a sansanoni. Akwai bindigogi da gidaje suna ci da wuta da mutane a cikin ruwa, akwai kuma gidajen da suka bari da dabbobinsu da makarantunsu. Mai kula da dandali idan ya ga yaro kullum hoto ɗaya yake maimaitawa, ko ya ƙi taɓa takardar sam, ya san wannan yana bukatar kulawa ta musamman, sai ya miƙa shi ga ma'aikacin jin daɗin jama'a ko likita. Ta irin wannan zama ne kuma ake gano yaron da yake hannun waɗanda ba iyayensa ba, a shiga neman danginsa.

Amfani na uku ya shafi harshe da hannu. Riƙon fensir da jan layi da zagaye su ne tushen rubutu, ko na boko ko na ajami. Yarinyar da ta zana tukunya, aka rubuta mata sunan tukunya da Faransanci a ƙasa, ta samu kalma guda da ba za ta manta ba. Waƙar ƙirga tana shiga kai fiye da bulala. A kan irin wannan tunani ne a 2017 UNICEF da Tarayyar Turai suka shirya darussa 144 na karatu da lissafi ta rediyo domin yaran Arewa Mai Nisa da na Difa a Nijar, cikin Faransanci da Fulatanci da Hausa da Barbarci, domin a tarar da yaro a cikin harshen da yake ji.

Amfani na huɗu shi ne wanda ya fi shafar Kuseri bayan abin da ya faru a 2021. Yaran da iyayensu suka yi gaba da juna, aji ɗaya za su koma, kasuwa ɗaya za su ci idan sun girma. Wasan kwaikwayo yana ba ɗan makiyayi damar ya fito a matsayin masunci, ɗan masunci ya fito a matsayin makiyayi, kowa ya faɗi hujjar ɗan'uwansa da bakinsa, 'yan kallo su yi dariya, a tashi an ji abin da ba a iya faɗa a zauren sulhu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙiyayyar da ba a cire wa ɗan shekara goma ba, da wuya a cire ta ga ɗan shekara talatin.

Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu

Waɗansu iyaye suna ɗari-ɗari da wannan aiki domin suna ganin al'adar Turawa ce aka kawo. Idan muka duba gida da kyau, za mu ga kayan aikin ne kawai sababbi. Almajirin tsangaya shi yake feƙe alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa da ƙaro, ya koyi daidaita baƙi da wasali a kan allo. Ranar sauka kuma a yi masa zayyana mai launi-launi, a ɗaga allon kowa ya gani. Wannan fasaha ce ta hannu da ido, kuma a gindin malam aka koye ta. Tashen da yara suke yi a watan azumi wasan kwaikwayo ne cikakke, da shiga da waƙa da hannunka-mai-sanda ga mai rowa da malalaci. Gaɗar 'yan mata a dandali, da tatsuniyar kaka da dare, da kacici-kacici, duk makarantu ne. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara: takan tsara darasi cikin waƙa da Fulatanci ko Hausa, jajis su haddace, su kai wa 'yan taru a ƙauyukansu.

Ƙasar nan tamu ma ƙasar masu aikin hannu ce. A kewayen garuruwan Kotoko ne ake tono kayan yumɓu na mutanen Sao, waɗanda yau suke gidajen tarihi har a Turai. Dogayen ɗakunan laka na Musgum da ake gani a Pus, da ƙafa da hannu aka gina su, masana gine-gine kuma suna zuwa daga nesa su duba. Majema da dukawan Marwa sun yi suna a ƙasar nan duka. Ɗan makiyayin da yake ginin saniya da laka a bakin rafi bai jira wata ƙungiya ta koya masa ba.

Akwai kuma damuwa ta addini, wadda ba za mu raina ba. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan surar abu mai rai da kuma kaɗe-kaɗe, akwai wuraren da suka haɗu, akwai inda suka saɓa, kowane gida kuma yana da malamin da yake tambaya. Abin da za mu ce shi ne fili yana da faɗi: zayyana da rubutun hannu mai kyau, zanen hula da na wuyan riga, adon bango, saƙar faifai da tabarma, aikin fata, zanen itatuwa da kogi da jiragen ruwa, waƙen ilimi da tarbiyya. Haka nan uba yana da haƙƙi ya san wa yake kula da 'yarsa, a ina, kuma zuwa wane lokaci. Hanyar samun wannan ita ce ya je ya gani, ya shiga kwamitin iyaye, ya faɗi ra'ayinsa. Wanda ya tsare 'yarsa a gida saboda zato, ita ce ta yi hasara.

Inda ƙarfin ƙungiya ya tsaya

Kada kuma mu zuzuta abin fiye da kima. Zane ba ya cika ciki, ba ya biyan kuɗin jarrabawa, ba ya zama takardar haihuwa. Dandalin da yara suka yi shekara suna waƙa a ciki amma ba a rubuta ko ɗaya a makaranta ko wurin koyon sana'a ba, bai yi aikinsa ba, komai kyan hotunan da aka ɗauka. Ma'aunin da ya kamata iyaye su riƙe shi ne: cikin yaran da suka shiga bara, nawa ne suke aji bana? Nawa aka yi wa takarda? Nawa ne 'yan mata? Haka kuma ya kamata a kiyaye mutuncin yaro. Maraici da talauci ba abin talla ba ne, bai kuma dace a ɗauki hoton ɗan mutane a watsa a Facebook ba tare da yardar iyayensa ba.

Babban rauni kuwa shi ne kuɗi. Yawancin irin waɗannan ayyuka da tallafin waje suke tafiya, na shekara ɗaya ko biyu. Ranar da wa'adi ya cika, a naɗe tanti, masu kula da yara su koma neman abinci. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, manyan ƙasashen Turai da dama kuma suka rage abin da suke bayarwa. Hausawa sun riga sun faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da yake daɗewa shi ne wanda ya yi saiwa a ƙasa. A Muda, kudu da Marwa, gidauniyar Baitalami da wani limamin Katolika ɗan Italiya, Danilo Fenaroli, ya kafa a 1997 ta shekara da shekaru tana renon jarirai marayu, tana karantar da kurame da masu naƙasa, tana koya wa matasa kafinta da ɗinki da sauran sana'o'i. Marubuciyar nan haifaffiyar Marwa, Djaïli Amadou Amal, wadda littafinta ya ci babbar kyautar ɗaliban sakandare ta Faransa a 2020, tun 2012 ta kafa ƙungiyar Matan Sahel domin tallafa wa karatun yara, musamman 'ya'ya mata. Ita kanta hujja ce cewa yarinyar da aka bari ta riƙe littafi da alƙalami tana iya kai sunan garinsu inda ba a zata ba. Waɗannan misalai sun isa su sa mu tambayi kanmu: mu da muke da masallaci a kowane lungu, muke fitar da zakka kowace shekara, me muka kafa wanda zai kai shekara ashirin?

Abin da yake kanmu

Ya ku iyaye, ba sai mun jira mota mai tambari ta tsaya a ƙofar gida ba. Abu na farko, takardar haihuwa. Yadda ba ma barin rana ta bakwai ta wuce ba a yanka ragon suna ba, haka ya kamata kada mu bar makonnin farko su wuce ba a kai rahoton haihuwa ofishin magajin gari ba. Liman da ya raɗa suna yana iya tuna wa uban jariri a wurin. Waɗanda suka riga suka girma babu takarda, kwamitin masallaci ya tattara sunayensu tun suna aji uku ko huɗu, a bi musu hanyar kotu a tare, musamman lokacin da alƙalai suke fitowa zaman shari'a a garuruwa domin wannan aiki. Mu sani kuma, dokar hukunta laifuffuka ta 2016 ta tanadi tarar sefa 50,000 zuwa 500,000 ga uban da yake da hali ya ƙi sa ɗansa makaranta, ta kuma haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba.

Na biyu, mu san yaran unguwarmu. Mai unguwa da liman da shugabar mata idan suka zauna yini guda, za su iya lissafa kowane yaro da ba ya zuwa ko'ina, har da almajiran da aka kawo daga nesa da 'ya'yan baƙin da suka sauka a kangon bayan gari. Daga nan a ga wanda littafi ne kawai ya hana shi, da wanda uwarsa ta dogara da tallansa, wadda sai an sa ta cikin adashi ko an ba ta jari kafin ta iya sakin sa.

Na uku, wuri da lokaci. Zaure ɗaya ko inuwar darbejiya ta isa. Ranar Alhamis tsangaya tana hutu, ranar Asabar 'yan boko suna gida. A cikinmu akwai tela da baduku da magini da mai zayyana da tsohuwar da ta iya tatsuniya da ɗalibin jami'ar Marwa ko ta Garwa da ya zo hutu. Kowannensu ya ba da awa biyu a mako. Gawayi da yumɓu da kara da bayan tsohuwar takarda ba sa bukatar tallafin waje. A haɗa 'ya'yan kowace ƙabila a tabarma ɗaya da gangan, a kuma sa manya biyu amintattu a wurin kullum, mace ga 'yan mata.

Na huɗu, masu hali su yi tunanin wakafi. Buhun shinkafar da aka raba da azumi alheri ne, amma kafin salla ta wuce ya ƙare. Shago ɗaya da aka tsayar, kuɗin hayarsa yana biyan malami ko yana sayen littattafan marayu goma duk shekara, zai ci gaba da aiki bayan mai shi ya kwanta dama. A rubuta shi a gaban shaidu, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a, domin amana ita ce jarin irin wannan aiki.

Ɗa na kowa ne. Yaron da yake dako a bakin gada yau, nan da shekara goma zai zama ko dai maƙwabcin da muke dogara da shi, ko kuma wanda masu ɓata matasa suka riga mu kaiwa gare shi, kuma mutanen yankin nan sun san farashin hakan fiye da kowa. ALDEPA da takwarorinta sun nuna cewa ana iya jawo shi da abu mai sauƙi kamar takarda da fensir, muddin akwai manyan da za su riƙe hannunsa daga rumfa zuwa aji, daga aji zuwa jarrabawa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan marayu da waɗanda suka riƙe su, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin.